Malfar Baban Ikhlas

Gyaran waya ya kai Ikhlas shagon Nasir ranar kasuwar Ƙanƙara, sai ta tarar hankalinsa na kan kwamfuta. Wani wasan yaƙi na Turawa yake yi wa kwaskwarima, yana cire rundunoninsu yana zuba namu: maharba masu layu, maƙera masu hawan kuraye, aljanun dutse. Ta leƙa, ta ce dabara dai akwai, amma zanen nan ko ɗan firamare ya fi shi. Ya ɗago zai yi faɗa, yana ganinta faɗan ya bi ruwa.

Tun daga nan ita ke zana masa mayaƙa. Yana kiranta Sarauniyata, tana kiransa Kwamanda, har aka fara maganar aure.

Wata rana ya turo saƙo: “Sarauniyata, zana mini dattijo mai malfa, da sanda a kafaɗa. Na yi kewarki.”

Bai ce na mene ne ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta zauna ta zana babanta, Malam Gide, har da tabon da ke goshinsa. Makiyayi ne daga wajen Mabai, ɓarayi suka kore masa shanu kaf, ya dawo gari, kuma a garin ma ana masa kallon ɗan leƙen asirinsu.

Nasir fa, shugaba yake nema wa Rundunar Kurmi ta cikin wasan, masu ƙona ƙauyuka su kore dabbobi. Da ya tuna ɓarawon shanu, malfa da sanda kawai suka faɗo masa, kamar kowa a garin. Kai, wani rashin tunanin sai ɗan birni!

Jabiru, da ya daɗe yana son Ikhlas, shi ya kai wa dattijon waya har gida. Malam Gide ya ga fuskarsa a wasan tana ba da umarnin cinna wa rumbu wuta. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi maganar aure ta mutu.

Ikhlas ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta rubuta: “Ban san haka kake ganinmu ba, Kwamanda. Da hannuna na zana ma shi.”

Nasir ya goge rundunar. Ya yi ta sintiri ƙofar gidan ana ce masa Baba ba ya nan, har dattijon ya gaji ya fito. Nasir ya durƙusa, ya ce a gaya masa yadda zai gina makiyaya daidai a wasan.

“Ka bar masu sandarsu, kada ka ƙara komai. Daji ya kore su, gari ya ƙi buɗe masu ƙofa,” in ji Malam Gide.

Haka ya gina su, ya maido da mai malfar cikinsu. Samarin da ke wasan daga Faskari har Sabuwa ba mai zaɓensu, sai dai kowa ya fara kai musu hari don ya kwashi shanu.

Malam Gide ya sauko, bayan kaka aka ɗaura auren. Da Nasir ya zo gaisuwa, dattijon ya ce a kunna masa wasan. Ya zura ido har aka kore saniya ta ƙarshe, mai malfar ya tsaya shi kaɗai a bakin ganuwa.

“To, yanzu ka zana ni,” ya ce, yana share ido da bakin riga. “Ka riƙe mani ɗiyata, ita kaɗai suka bar mani. Allah ya yi maku albarka.”