Yarinyar da Ta Hana Gwaggo Tashi

A shekarar da sojoji suka koma bariki, an yi wata yarinya a unguwar Zaitawa, cikin birnin Kano. Tana aji biyar a firamare. Kowa ya san ta da ladabi. Ladabin ma ya ɗan yi yawa.

A gidansu akwai ƙanwar babanta, Gwaggo Uwani. Wata rana ƙafar Gwaggo ta dama ta fara nauyi. Bayan gwaje-gwaje, likita ya ce ciwo ne na jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ana kiransa multiple sclerosis. Babu wanda ya iya maimaita sunan a gidan, sai suka bar wa likita kayansa.

Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, amma ana iya rage masa gudu. Ya umarci Gwaggo ta riƙa tafiya kullum da safe, kafin rana ta yi zafi. Kuma duk sabon abin da ta ji a jikinta, ta zo asibiti nan da nan. In ta yi sakaci, ƙafar tana iya daina ɗaukarta.

Da yarinyar ta ji haka, sai ta ga likitan ba shi da tausayi. Ita dai an koya mata yaro ba ya zama babba ya tashi. Balle babban ba shi da lafiya.

Da safe Gwaggo ta yafa mayafi za ta taka zuwa wajen mai ƙosai.

"Zauna, Gwaggo, ni zan sayo."

"Likita ne ya ce in riƙa takawa."

"Gobe kya taka."

Goben ma haka aka yi. In Gwaggo ta kalli buta, buta ta iso. In ta kalli randa, ruwa ya iso. Gwaggo kuwa, maganar gaskiya, ba ta tsani zama ba.

Sau biyu yarinyar ta ga kofi ya suɓuce daga hannun Gwaggo. Ta goge ruwan, ta yi shiru. A ganinta, ba a tona raunin babba.

Bayan sati shida, Gwaggo ta zo tsallake dokin ƙofa, ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Ta faɗi. Baba ya nemo tasi, yarinyar ta bi su asibiti riƙe da jaka.

Likita ya tambayi Gwaggo ko tana tafiyar safe. Gwaggo ta tsaya gyara mayafi. Yarinyar ce ta amsa, har da ɗaga kai.

"Likita, ko buta ban bari ta ɗauka ba."

Likita ya cire tabarau, ya dube ta.

"Sannu da aiki, 'yan mata. Kin yi aikin mutum biyu. Ƙafafunki sun yi ƙarfi, nata sun kwanta."

Ya bayyana mata cewa ƙafar da ba a aiki da ita sai ta ƙara rauni. Sannan ya sa Gwaggo ta matse yatsunsa. Hannun ba ƙarfi. Ya tambaya tun yaushe. 

"Sati uku ke nan," in ji yarinyar, murya ƙasa-ƙasa. "Na gani. Na ji kunyar faɗa."

"Da kin faɗa, da sati uku ke nan muna magani. Amma ba mu makara ba."

Hawaye ya cika idon yarinyar. Gwaggo ta jawo ta jikinta, ta ce laifin na mutum biyu ne, domin ba ɗaure ta aka yi ba.

An ba Gwaggo magani, aka koya mata motsa hannu da ƙafa. Yarinyar ma likita ya ba ta aiki. Ta riƙa tafiya a gefen Gwaggo. Kada ta karɓar mata komai sai Gwaggo ta roƙa. In ta ga sabon abu, ta gaya wa Baba a ranar.

Wannan aiki ya fi ɗebo ruwa wuya. Ranar farko, bakin lungu kawai suka kai. Bayan wata biyu suna zuwa wajen mai ƙosai su dawo, ba tare da hutawa ba.

Wata safiya suka gamu da wata tsohuwa, 'Yardada. Ta ga Gwaggo riƙe da kwano, yarinya tana tafe hannu sake.

"Ke, ba ki da kunya? Gwaggonki da kaya, ke kina kaɗa hannu?"

Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta.

"Iya, magani take sha. Kwanon ma cikin maganin yake."

Gwaggo ta yi dariya, ta wuce gaba da ƙafarta.

Daga nan yarinyar ta gane cewa taimakon marar lafiya ba shi ne a yi masa komai ba. A bi abin da likita ya ce. In kuma an ga sabon abu, a faɗa da wuri.