Ƙafar Mama Ta Hagu

Ranar da Auta ya kawo yarinyar da yake so ta gaida mahaifiyarsa, ko sau ɗaya ba ta ɗago kai ba. Tana durƙushe gefen kujera, ido a ƙasa. Mama kuwa baki har kunne.

"Masha Allah! Irin wannan kunya a zamanin nan? Me take yi ne?"

Auta ya sosa ƙeya. "Takalma take ɗinkawa, Mama. Tana da shago, har da 'yan mata biyu da take koya wa."

Fara'ar Mama ta ɗauke kamar wutar lantarki.

"Takalma? Guduma da gam a bakin titi, tana taɓa ƙafar kowa? To ku saurara, ko shago ko aure. Na gama magana!"

Washegari Auta ya sami yarinyar a shago, tana yankan fata idanu jajir.

"Don Allah, Madam Guduma, ki rufe na ɗan lokaci. Bayan aure sai mu lallaɓa ta."

"Ba zan fara zama da mahaifiyarka da yaudara ba. Wallahi ina son ka, amma da gudumar nan ƙannena ke zuwa makaranta. In na rufe, 'yan matan nan fa?" Ta share hawaye da bayan hannu. "Ni kam, tun yaushe ƙafar Mama ta hagu take kumbura?"

Auta ya saki baki. Shi da ke gida ɗaya da ita bai taɓa lura ba!

Ai mai ɗinkin takalmi ƙafa yake fara gani kafin fuska. Duk zaman da ta yi jiya, dunduniyar Mama take kallo, yadda ta zarce silifas, da shatin da igiya ta bar mata a fata. Ta zauna ta ɗinka takalmi da fata mai laushi, na hagu ya fi faɗi, da maɗauri mai sassautawa.

Auta ya kai wa Mama, tana gani ta tura shi ƙarƙashin gado. "Toshiyar baki ce? Ban karɓa ba!"

Makonni suka wuce. Yarinya ba ta yi ƙorafi ba, ba ta kuma rufe shago ba. Auta ya rame, ko abinci sai an yi da gaske.

Ranar zuwa asibiti silifas ɗin Mama ya tsinke. Dole ta jawo na ƙarƙashin gado tana mita. Ta je, ta dawo, ba ɗingishi, ba tsayawa hutu. Maimakon gida, sai ga ta a ƙofar shago.

"Ke! Ashe ba kunya ba ce, ƙafata kike aunawa?"

Yarinya ta durƙusa. "Har da kunyar, Mama."

Mama ta zauna a benci. "Duk 'ya'yan da na haifa, babu wanda ya taɓa kallon ƙafar nan. Sai ke da na kora."

Haka ne, sana'a ba ta rage wa mace daraja, kuma mai haƙuri da gaskiya ba ya taɓewa.

Mama ta tuɓe takalmin, ta miƙa mata ƙafar hagu.

"Shagon nan ba mai rufe shi. Ɗauko abin awo, 'yata — na ranar aurenku nake so!"