Mako Shida a Rigingine

Rigimar a kan filo ta tashi.

"Na ce ka bar shi yadda yake," ta faɗa, ba ta ko dube shi ba.

Maigidan nata ya tsaya da filon a hannu kamar wanda aka kama da kayan sata. Ya ce gyarawa kawai zai yi, ya ga kafaɗarta ta ɗan zame. Ta ce kafaɗar ai tata ce, ta zame ɗin. Ya ajiye filon a hankali, ya ɗauki makullin shago ya fita, ko shayinsa bai sha ba.

Yayarta da ta zo jinya tana bakin ƙofa riƙe da tsintsiya. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin majinyaciya mai bakin faɗa irin wannan ba, likita ya yi aiki a ƙirji ya manta da harshe.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da tiyata. Bara aka cire mata ƙari a nonon dama, aka tafi da kusan rabinsa. Bana likita ya cike gurbin da roba mai laushi, ya daidaita shi da ɗan'uwansa. Aiki ya yi kyau, kowa ya yi hamdala. Sai dai ranar sallama nas ta kafa doka: mako shida a rigingine, baya a jingine, ba kwanciya ta gefe, ba rub da ciki. In ta danne wurin, ɗinki na iya buɗewa ko robar ta goce, a sake komawa ɗakin tiyata.

Ita kuwa tun tana yarinya rub da ciki take barci.

Shi maigidan, ɗinkin kujeru ne sana'arsa, don haka bai tsaya sayen komai ba. Ya yanko soso mai tauri, ya fere shi gangare, ya lulluɓe da yadi mai laushi. Ya yi ƙanana biyu na tokare hannuwa, da ɗaya na ƙarƙashin gwiwa. Da aka jera ta a ciki, Yaya ta ce ta koma sabon talabijin a kwali.

Duk wannan ta gode. Abin da ke cin ranta daban ne. Shekara tara da aure ba su taɓa raba shimfiɗa ba, amma tun da ta dawo, a doguwar kujerar falo yake kwana. In za a canza mata bandeji kuwa, sai ya tuna da wani abu a waje. Yana kawo magani a kan lokaci, yana tambayar jiki sau goma, amma ita ta san bambancin tausayi da so. Ta gwammace ciwon ɗinkin a kan wannan tunanin.

Da hantsi Yaya ta shigo daga wajen wanki, tana ɗage da wata singileti da yatsu biyu.

"Ke, mijin nan naki lafiyarsa ƙalau kuwa? Dubi abin da na tsinta a ƙarƙashin kujera."

Ta karɓa ta juya. An ɗinke kwarkwaron zare a kowane gefe, shida shida, daga hammata zuwa ƙugu. Ɗinkin nasa ne, ko a duhu ta san shi. Ta ɗauki waya ta ce ya zo gida yanzu.

Ko minti ashirin ba a yi ba ya faɗo ɗakin yana haki, gutsattsarin soso a gashinsa, yana tambayar ko ɗinkin ne ya buɗe. Ta ɗaga masa singiletin kawai.

Ya sosa ƙeya. Ya kalli Yaya, ya kalli ƙasa, sannan ya fara bayani a daddatse. Ya ce ta fi kowa sanin barcinsa, yadda yake birgima yana jefa hannu kamar gungume. A shekararsu ta farko ai har leɓe ya kumbura mata, ta kwana biyu tana cewa ƙofa ce ta buge ta. To in wannan hannun ya sauka a kan ɗinkin fa? Shi ya sa yake koya wa kansa kwanciyar rigingine. Da ya juya, kwarkwaro ya soke shi, ya farka. Ranar farko sau goma sha huɗu ya farka, jiya sau biyu kacal. So yake ya kai ranar da ba zai juya ko sau ɗaya ba, sannan ya dawo.

Ya ɗage riga. Haƙarƙarinsa duk ya yi shati, zagaye zagaye.

Yaya ta ce Allah ya haɗa ta da mahaukata biyu, ta ja musu ƙofa.

"Bandejin fa?" Muryarta ta yi ƙasa. "Me ya sa kake fita?"

"Amarya..." Haka yake kiranta har yau. "Ranar farko da na matso, kin ja zani kin kau da kai. Na ɗauka ba kya son in gani."

"Tsoro nake ji... kar ka gani ka daina kallona."

Ya durƙusa a gefen gadon. Da kanta ta sassauta rigar, ta ɗan ɗaga gefen bandejin, ta rufe ido.

Da ta gaji da jira, ta buɗe ido ɗaya. Ya matso da fuska yana bin layin ɗinkin da kallo, ya ɗan karkata kai, yadda yake yi in yaran shago sun kawo masa aiki.

"Layi a miƙe," ya ce. "Ba tattara, ba tsalle. Likitan nan in ya gaji da asibiti, ina da gurbi a shago."

Dariya ta kama ta, ta dafe ƙirji tana cewa ya bari, dariya na ja mata ɗinki. Hawaye kuma suka biyo baya, ya sa bayan hannu ya share mata.

"Ke ce dai, masoyiyata," ya ce a hankali. "Da shi da babu shi, ke ce."

Bai koma shago ba ranar. Bayan azahar ya saka singiletinsa, ya hau gadon a hankali kamar mai taka ƙwai, ya kwanta rigingine a gefenta. Ya zura hannu ƙarƙashin ƙaramin filon, ta ɗora nata a kai.

Suka zuba wa sama ido.

"Ashe silin ɗin nan ya tsage," ya ce.

"Kwana goma sha ɗaya ina kallonsa ni kaɗai."

Ya fara lissafin yadda zai gyara, da irin katakon da za a sa. Bai kai ƙarshe ba ya ji hannunta ya yi nauyi a cikin nasa. Barci ya ɗauke ta. Hancinsa ya shiga yi masa ƙaiƙayi, amma bai motsa ba.