Fuskar da ke Cikin Wuyan Raƙumin Dawa

Perla Abalos tana durƙushe a ɗakin ɗinki na gidan wasan yara, bakinta cike da allurai, sai wani dogon saurayi ya sunkuyo ta ƙofa yana karkaɗe dusar ƙanƙara daga kafaɗa.

"Sannu da aiki. An ce in zo a auna ni. Ni ne raƙumin dawa."

Ta zare alluran, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ai ko ba ka faɗa ba. Matsa can kada ka fasa mini fitila."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sunansa Marko Kuzik, jikan 'yan Yukren ne na arewacin birnin Winnipeg, shi aka ɗauka ya fito a babban wasan waƙa na bana. An ciro wasan ne daga wasu littattafan hotuna da yara suka haddace, labarin Gaspar, raƙumin dawa da ya yi ƙaura zuwa garin sanyi ya rasa mayafin ulu da zai ishi wuyansa.

Sai da Perla ta hau kujera kafin ta kai kafaɗarsa. Ita da ba a taɓa ganin ta maimaita aiki ba, ran nan sai da ta sake awo.

"Kuskure kika yi?"

"Ba na kuskure. Kai ne kake motsi."

"Ni ko numfashi ban yi ba tun da kika hau kujerar nan."

Ta sauko daga kujera, kunnuwanta sun yi zafi.

Kayan da ta haɗa masa ba wasa ba ne. Wuya da kan Gaspar a kafaɗarsa suke zama, yana leƙen duniya ta wata 'yar raga a gindin wuyan, ga mayafin ulu an naɗe shi da shi har ƙirji. Don kada ya dahu a ciki, sai ta maƙala masa 'yar fanka mai batir. Kullum ita take canja batirin da hannunta, sannan ta ɗora masa kan. Tun abin yana aiki har ya zama uzuri.

Kafin a buɗe wasa, wayoyinsu sun san hanyar juna.

"Lu'ulu'una, yau na taka ƙafar zomo sau biyu a wajen gwaji. Laifinki ne, kin tsaya a inda nake ganinki ta raga."

"Dogona, ka kula da rawarka. In ka yaga mini ɗinki, kai zan ɗinke."

"Ki ɗinke ni a jikin rigarki, ba ni da ƙorafi."

Perla ba mai ɓoye-ɓoye ba ce. Ta samu iyayenta ta ce ta ga miji, za ta kawo shi ranar Lahadi. Nanay, wato Mama a harshensu na Filifin, ta yi murmushi. Amma Tatay, wato Baba, tsohon ma'aikacin jinya ne da bai saba jiran a kawo masa labari ba. Ranar Asabar ya sa kwat, ya sayi tikiti, ya je ya ga mutumin da idonsa ba tare da ya gaya wa kowa ba.

To gidan wasan yana da doka da kowane ɗan wasa yake ji da ita. In an tashi, dabbobin sukan bi ta tsakiyar 'yan kallo su fita zaure su gaisa da yara. Muddin akwai yaro ko ɗaya da yake kallo, ba a cire kai. Gaspar kuwa ko a littafi ba ya magana, don haka ba ya magana a zaure.

Tatay ya kutsa cikin yara ya tsaya a gaban raƙumin dawa, ya ɗaga kai sama.

"Kai ne Marko? Ni ne uban Perla."

Gaspar ya rusuna da dogon wuyansa.

"Na ga ladabin dabba. Cire abin nan in ga fuskarka, mu gaisa irin ta mutane."

Yara suka zuba ido. Wata yarinya da ke riƙe da ƙafar Gaspar ta ɗago ido tana jira. A hankali raƙumin dawa ya girgiza kai, dama da hagu. Yara suka fashe da dariya, a zatonsu cikin wasan ne. Tatay ya gyara kwat ɗinsa ya juya. Perla ta fito daga ciki daidai lokacin da ƙeyarsa take ɓacewa a ƙofa.

A gida ta tarar ya cika ya batse.

"Tatay, doka ce. Ba raini ba ne."

"Doka? Na tsufa a asibiti, ko babban likita sai ya sauke takunkumi in zai gaida dattijo. Ni za a mayar abin dariyar yara? Ba zan ba da 'yata ga mutumin da ya hana ni ganin fuskarsa ba."

"Gobe zai zo da fuskar, ka kalle ta har ka gaji."

"Ya riƙe abarsa."

Marko ya zo ranar Lahadi da furanni, ya tsaya cikin sanyi yana ba da haƙuri ta bayan ƙofa, Tatay ya ƙi buɗewa. A kujerar da aka tanadar masa kuwa, Renato aka zaunar, wani likitan haƙori ɗan cocinsu da Tatay ya daɗe yana yi wa sha'awar surukuta. Perla ta zuba masa taliya da kanta, ta cika masa faranti, ta kira shi Kuya, wato yaya.

"Kuya Renato, ka ci ka ƙoshi, gidanku ne. Amma kada a ɓata maka lokaci, ni an riga ka."

Nanay ta shige kicin da sauri don kada a ga dariyarta.

Perla ba ta karaya ba. Ta san ubanta, wutarsa ta kara ce, kuma ta san abin da take so. Abin da ya girgiza ta daga wani wajen ya ɓullo.

Ana saura kwana kaɗan a rufe wasa, ta fito da kaya a hannu, sai ta hango Marko ta baya a lungun matakala. Ya sunkuya a kan hannun Colette, kyakkyawar da ke fitowa a zomo, yana ɗaga hannun zuwa fuskarsa. Colette tana ƙyalƙyala dariya tana cewa, "Sake yi, a hankali, da zuciya ɗaya."

Kishi kumallon mata. Perla ta koma ɗakin ɗinki ta rufe ƙofa, zuciyarta tana tafasa. Ita tana can tana yaƙi da ubanta a kansa, shi yana nan yana sumbatar hannun zomo! Bayan kwana biyu saƙonsa ya shigo wayarta.

"Lu'ulu'una, kwana biyu ko kallona ba kya yi. Me na yi? Faɗa mini in san irin haƙurin da zan bayar."

"Tambayi zomonka."

"Wallahi ban gane ba. Ki ba ni minti biyar."

Ba ta ba shi ba. Ranar wasan ƙarshe ta ajiye masa kan Gaspar a kan tebur ta fice, ya ɗora abinsa da kansa.

A ranar ne kuma Nanay ta jawo Tatay zuwa kallon wasan. Ta ce masa ba don wani saurayi ba, don ɗinkin 'yarsa, in bai gani yau ba ya rasa. Ya zo yana gunaguni, ya zauna ya harɗe hannu.

Wasa ya yi daɗi. Zaure ya cika maƙil, yara suna bin waƙa suna buga ƙafa. Perla tana tsaye a gefen labule, sai ta lura rawar Gaspar ta yi nauyi, ƙafar da ta saba tashi sama yau da ƙyar take barin ƙasa. Ta sa hannu a aljihun rigar aikinta, ta ji sabon batir a ciki. Fankar ta mutu tun tuni, ga fitilun dandali masu zafi, ga ulu, kuma Gaspar ba ya sauka daga dandali sai an tashi.

Da aka fita zaure ta ruga ta tsaya a gefensa, ta kai baki kusa da ragar.

"Marko, fanka ba ta aiki, laifina ne. Don Allah zo mu shiga ciki."

Ya ɗaga kofato ɗaya, alamar ta dakata. Layin yara har bakin ƙofa. Ya rungumi wannan, ya rusuna wa wancan, ya tsaya an ɗauki hoto. Perla tana jin numfashinsa yana fita da ƙyar, hawaye suka cika mata ido.

Tatay yana jingine da bango. Idon ma'aikacin jinya ba ya ritaya. Ya ga gwiwoyin raƙumin dawa suna karkarwa, ya ga gumi yana ɗiga ta bakin safar hannu.

"Yaron nan zai faɗi," ya ce wa Nanay. "Me yake jira? Ya cire mana!"

Ta ƙarshe a layi wata 'yar ƙaramar yarinya ce, ta zo da guntun mayafi da kakarta ta taya ta saƙawa. Gaspar ya durƙusa, ta ɗaura masa a kofato tana ba shi labari mai tsawo irin na yara. Ya saurara har ta gama. Ya miƙe, ya ɗaga mata hannu, ya taka zuwa ƙofar ciki a miƙe, yarinyar tana binsa da kallo. Ƙofa tana rufuwa ya zube.

Kafin Perla ta durƙusa, an ture ta gefe. Tatay ne ya biyo su.

"Kawo ruwa da tsumma! Ke zomo, ɗaga masa ƙafafu!"

Da hannunsa ya warware mayafin, ya kwance maɗaurai, ya zare wuyan Gaspar. Fuskar da ya nema ta bayyana, ja wur, gashi ya manne da gumi. Ya yi ta shafa masa ruwa yana kirga bugun jini, har Marko ya buɗe ido.

Da ya gane wanda ke kansa, sai ya laluba ya kamo hannun dattijon, ya ɗora bayan hannun a goshinsa, yadda 'ya'yan Filifin suke gaida manya.

"Yauwa!" in ji Colette, tana riƙe da ƙafafunsa. "Ya iya! Kwana da kwanaki ina koya masa a lungun matakala, yadda surukata ta koya mini."

Perla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Tatay bai janye hannunsa ba, amma bai saki fuska ba.

"Kai wane irin wawa ne? Mutuwa kake nema?"

"Yarinyar tana kallo, Tatay. In na cire a gabanta, ta rasa Gaspar ke nan har abada. Ran nan ma haka ne. Ka yafe mini."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya ba ka izinin ce mini Tatay?" Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Sha ruwan nan a hankali. Ranar Lahadi ka zo cin abinci. Da wannan fuskar za ka zo, ka bar wuyan a nan."

Da aka bar su su biyu, Perla ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta fito da batirin ta nuna masa tana kuka.

"Dogona, na kusa kashe ka saboda shirme."

"Ashe kina kishina? To ai faɗuwar ta biya."

"Kada ka sa ni dariya, haƙuri nake ba ka."

"Na haƙura, da sharaɗi. Ki aure ni. Ki yi haƙuri ban durƙusa ba, na riga na wuce nan, a kwance nake."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta dafa goshinsa.

"Tun ranar da na hau kujera na amsa. Kai ne ka makara da tambaya."

Da bazara ta shigo aka yi bikin. Dangin Marko suka zo da tukwanen girkinsu, dangin Perla suka zo da nasu, 'yan gidan wasa suka cika bencin baya suna rera waƙa. Rigar amarya kuwa ba sai an tambayi wanda ya ɗinka ba.

Tatay ya riƙo 'yarsa har gaban coci. Ya ɗaga kai ya dubi dogon ango ido cikin ido, ya ɗauki hannun Perla ya sa a na angon. Ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Na ga abin da ka yi don kada ka karya zuciyar 'yar wani da ba ka ko san sunanta ba. Ga tawa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Coci ta amsa da amin, muryar Nanay ta fi ta kowa ƙarfi.