Ƙofar Sito

Ranar Litinin da safe manajan wani shagon kayan gini ya shigo caji ofis yana huci, ya turo mai gadinsa gaban kanta.

"Ga ɓarawo na kawo muku da kaina."

"Me aka sace?" in ji Sufeto.

"Ƙofa, yallaɓai. Ƙofar sito. Da siminti."

Aka tsare mai gadin a bayan kanta. Sufeto ya ɗauki hularsa.

Shagon tsohon gidan iyali ne. Wani kafinta ya gina shi, ya haifi 'ya'yansa a ciki, ya mutu a ciki. Matarsa na rasuwa 'ya'yan suka sayar, kowa ya kama gabansa. Falo ya zama wurin baje tayil, ɗakin girki ya zama ofishin kashiya. Bishiyar tsakar gida an sare ta don babbar mota ta sami wurin juyawa.

Sufeto ya tsaya a bakin siton. Buhuna na jere har rufi, ƙura ta kwanta a kansu, babu gurbin ko ɗaya.

"Ina simintin da aka ɗauka?"

Manaja ya sosa ƙeya. "To, wataƙila ban duba da kyau ba."

"Ka duba bakinka da kyau. Ƙofar tana da tsada?"

"Tsohon katako ne. Da ma ta ƙarfe za mu sa, mu faskare wannan."

Ba a ɓalle ƙofar ba, kwance ta aka yi a hankali, an ma jera kusoshin a kan taga. Sufeto ya duba ƙasa. Sawun takalmi ya taho tun daga ƙofar baya, ya tsaya cak a bakin siton. Daga ciki kuwa, a kan ƙurar siminti, sawun ƙafa ne tsirara.

Ya koma ofis ya sa aka fito da mai gadi.

"Jiya Lahadi ban motsa ko nan da can ba, yallaɓai."

"Wa ya yi maka wannan sabon askin? Aljanu?"

Mai gadi ya shafa kansa, ya sunkuyar da shi. Ya ce ya je wurin mai aski da la'asar. Yana dawowa ya yi kiciɓis da wani dattijo yana tura baro, an lulluɓe wani abu mai faɗi da zanen gado.

"Har sannu na yi masa. Don Allah kar a kai ni kotu, ina da iyali."

Sufeto ya nemo babbar 'yar gidan, wadda ta sa hannu a cinikin. Ya same ta ita kaɗai a wani katafaren falo, talabijin na ta magana ba mai kallo.

"Ɗakin da ke ƙarshen baranda, wanda ya zama sito yanzu, na wa ne a da?"

"Na Mama. Ko babanmu bai taɓa shiga da takalmi ba." Ta yi murmushi, sai murmushin ya ɗauke. "Me ya faru?"

"Cikinku wa ya rage a garin nan?"

"Ni da Auta, ƙaninmu. Shi ya yi jinyarta. Amma jiya a nan ya wuni."

"Madalla. Ina yake zaune?"

Ba ta sani ba. Akwai 'yan'uwan da za su yi maka ƙarya a gaban hukuma, amma ba za su taka ƙafa su ga inda kake kwana ba.

Wani tela da ke maƙwabtaka da shagon ne ya nuna wa Sufeto ɗakin Auta. Ɗakin haya ne a bayan layi: katifa, buta, kujera ɗaya. Ƙofar na jingine da bango, an goge ta tas. Auta, mutum mai furfura, yana zaune yana kallonta.

"Baba, kai ka ɗauko ta?"

"Ni ne. Babanmu ya sassaƙa ta da hannunsa. Kullum da safe ita nake ƙwanƙwasawa in gaishe da Mama, tun ina yaro har na yi furfura. Na roƙi manaja ya bar mini, ya ce in je in nemi aikin yi."

"Ka san akwai wanda ke tsare saboda kai?"

Auta ya ɗago kai. "Ban sani ba. Wannan kam ban kyauta ba. Ku sake shi, ɗana."

"Me ya sa ka cire takalmi?"

Ya dubi Sufeto da mamaki. "Na cire?"

Sata sata ce, ko da abin da aka sata hannun ubanka ne ya yi shi. Sufeto bai sa masa ankwa ba, amma ya tafi da shi. 'Yan sanda biyu suka ɗauki ƙofar.

"Ku ɗaga ta," in ji Auta. "Ba ta son ja."

Da yamma aka sallami mai gadi. A bakin ɗakin da ake tsare mutane wani kofur ya ce wa Auta ya cire takalminsa.

"Na saba," ya ce.

Aka jingine ƙofar a harabar ofis, tsakanin tsofaffin babura. Sufeto ya zauna a teburinsa har aka tashi aiki, yana duban hanya. Manaja bai zo karɓar ƙofa ba. Ba wanda ya zo belin Auta.