Tukunyar da ta Fashe a Tarkwa

Da safiyar Litinin aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Tarkwa, wai wani abu ya fashe a ɗakin gwaje-gwajen da ke bayan tsohuwar ma'aikatar katako. Sufeto Ebo Quansah ya ture kwanon dokunu, tuwon masarar da yake ci, ya ɗauki hularsa. Tun da ya binne 'yarsa bara, wadda ruwan kogi ya lalata wa ƙoda, gawa da buhun masara duk ɗaya suke a idonsa.

Da ya isa, Dakta Esi Amissah ce kwance a gaban tanda, babu rai. Ƙofar tandar ta ɓalle, wani ɓallin ƙarfe ya shige ta a wuya. Farin gari ya lulluɓe ta har gira.

Abokin aikinta, Fiifi Arhin, yana tsaye a bakin ƙofa.

"Me kuke dafawa a nan?" in ji Sufeto.

"Farar ƙasa, ranka ya daɗe. Mu ƙona ta, mu kwaɓa da soda mai cin hannu, mu rufe a tukunyar ƙarfe mu sa a tanda. Sai ta zama gari mai ƙananan ramuka. Dakta ta ƙara masa wani sinadari don ya kama gubar da masu haƙar zinariya ke zubawa a kogi."

"Yana kamawa?"

"Jibi manyan baƙi za su zo su gani."

Sufeto ya duƙa ya duba maɓallin zafin tandar. An murɗa shi har ƙarshe.

"Haka take sa shi?"

"Ko rabi ba ta taɓa kai shi ba."

"Wa ke da makulli?"

"Ita, da ni, da Farfesa Baidoo, malaminta. Ni dai jiya ko ƙofar gida ban leƙa ba."

A tsallaken titi akwai wata mai soya ayaba. Da Sufeto ya tambaye ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Fiifi? Mai kai kamar gwanda? Jiya da hantsi ya shiga da ƙullin kaya. Daga nan na tafi coci."

Sufeto ya koma ya maimaita abin da matar ta ce. Fiifi ya fashe da kuka.

"Guga na zo yi, wallahi! Babu wuta a unguwarmu. Da Dakta ta sani da ta cinye ni ɗanye."

"Wannan kabad ɗin fa?"

"Na safar hannu ne. Ni kaɗai ke da makullinsa, jiya na tafi da shi."

Tukunya ɗaya ta tsira a cikin tandar. Da ta huce, Sufeto ya sa aka kwance murfinta. Cike take maƙil. Fiifi ya dafe kai.

"Ba a cika ta! Dole a bar wa tururi wuri. Ko ɗan koyo ya san wannan."

Sufeto ya juya hannuwan Fiifi ciki da baya. Lafiya ƙalau suke.

Ya sami Farfesa Baidoo a barandar gidansa, dattijo mai furfura, ya yafa baƙin zane na makoki. Ya miƙo wa Sufeto hannun hagu.

"Ɗana, ka zo a mummunar rana. Esi 'yata ce. Ni na koya mata riƙe cokalin awo."

"Ina kake jiya, Baba?"

"Cape Coast, wajen jana'iza."

"Ta wa?"

Tsohon ya gyara zanensa. "Wani ɗan'uwa."

"Baba, tun da nake ban taɓa ganin dattijon ƙabilar Fante ya gaisa da hagu ba. Fito da ɗayan."

A hankali hannun dama ya fito daga cikin zane. Fatar yatsun ta saluɓe, ta yi fari fat.

"Soda ce," in ji Sufeto. "Ka tarar an kulle safar hannu, ka ƙara kwaɓin da hannunka."

Farfesa ya daɗe yana kallon yatsun, kamar na wani ne.

"Rayuwata duka na ƙarar a kan garin nan, bai taɓa kama komai ba. Ita daga zuwa ta canza abu guda, ya kama. Jibi za a tafa mata, ni ina gefe kamar tsohuwar kujera. So na yi kawai ya fashe babu kowa, a ce aikin bai nuna ba. Sai azahar take zuwa ran Litinin."

"Yau ta yi sammako."

"Ta yi sammako," tsohon ya maimaita.

Babu hawaye a idonsa. Sufeto ya laluba zuciyarsa ko zai ji haushi, bai sami komai ba. Ya ciro ankwa.

A bakin mota Farfesa ya tsaya.

"Ita kaɗai ta san adadin abin da take ƙarawa. Na sha cewa ta faɗa mini, sai ta yi dariya ta ce sai ranar da baƙin za su zo."

Sufeto ya dafa masa kai don kada ya bugi ƙofa, ya tura shi ciki, ya ce wa direba su tafi.