Ƙeyar Baffa

"Kada ka dube shi!"

Asta ce ta faɗa, tana sauke ƙwaryar nono a bakin tafkin Nguru. Kyari yana tsugune yana toshe wata ɓula a jikin kwalekwalensa. Ya ɗago yana dariya.

"To da me zan gan shi? Da kunne?"

"Ba wasa nake ba, mai jirgi! Gobe Baffa zai shiga jirginka. In ka zuba masa ido yadda kake wa baƙinka na reluwe, wallahi ka rasa ni..."

Dariyar ta ɗauke. Kyari ya ajiye tsumman hannunsa.

Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara isowa Nguru ba. Gari ya cika da baƙi, akawuna da fatake da masu sayen gyaɗa da fata. Ran Lahadi sukan nemi wanda zai zaga da su cikin tafki su ga tsuntsaye, kuma Kyari ne gwaninsu. Bamange ne ta wajen uba, wato jinin Barebari, uwarsa mutuniyar Dagona. A cikin ruwa ya tashi, bakinsa kuwa ba ya hutawa.

Hamajoɗa, uban Asta, wanda take kira Baffa, Bafulatani ne da ya sauko daga wajen Machina ya kafa ruga a bayan gari. Da aka kai masa maganar Kyari yana neman auren Asta, bai ce a'a ba, bai ce i ba. Ya ce 'yarsa tana da shanunta, shanu kuwa ba kifi ba ne. Kyari ya aika masa cewa akwai wani tudu a tsakiyar fadama, ruwa ba ya hawansa, ciyawa ba ta ƙarewa, can zai yi wa Asta gida. Hamajoɗa ya ce sai ya gani da idonsa.

"Faɗa mini duka," in ji Kyari. "Me kuma?"

"Kada ka tambaye shi ko ya gaji. Zagi ne."

"In ya ji yunwa fa?"

"Ba zai ci a gabanka ba ko zai mutu. Ka ba shi wuri. Ni kaina 'yar fari ce, tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Kai ne za ka fara?"

"Astata... tsoro kike ji?"

Ta sunkuyar da kai.

"Yini guda ne, hasken idona. Ka daure mini yini guda, ka zama mai kunya. In ya ce wurin bai yi ba, kafin sanyi ya shigo mun koma Machina."

"Zan daure. Na rantse miki."

Da hantsi suka tashi. Damina ta ƙare, tafki ya cika har ya shafe hanyoyin shanu. Asta da goggonta Madina, ƙanwar Hamajoɗa, suka zauna a goshin jirgi suna fuskantar gaba. Hamajoɗa ya zauna a tsakiya, sandarsa a kan cinya. Kyari ya tsaya a baya da gwangwalar tuƙi. Abin da yake gani na tsohon, ƙeya ce da gefen rawani.

Goggo Madina ba ta da wannan nauyin. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, ita kuwa ba ta barin bashinsa ya kwana.

"Kai, bawana! In ka kifar da mu, har lahira kai za ka ɗaukar mini ƙwarya."

"Haba Goggo, Bafulatana ai ba ta nutsewa. Nono ne fal cikinta, sai dai ta taso tana yawo."

"Ji ɗan banza! Wa ya koya maka magana, kwaɗi?"

Asta ta rufe baki da mayafi. Ƙeyar Baffa ba ta motsa ba.

Suka kutsa cikin bado, furanninsa farare sun rufe ruwa har ido ya gaji. Garken kirinjijiya ya tashi da kuka, ya juya a sama ya sake sauka. Can gefe ga dinya suna kiwo, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Da baƙin reluwe ne da Kyari ya cika su da labari. Yau sai ya faɗi sunan wuri a taƙaice, idonsa a ƙasa, ya yi shiru.

Rana ta kusa tsaka suka hango tudun. Ya taso daga cikin ruwa kamar tozon bijimi, jan yashi ne, goruba sun yi masa rawani. Suka ɗaure jirgi suka hau. Daga sama ana ganin tafkin duka a shimfiɗe, da hayaƙin jirgin ƙasa siriri a wajen Nguru.

Hamajoɗa bai kalli wannan ba. Ya tsinki ciyawa ya tauna. Ya caka sanda a ƙasa ya duba bakinta.

"Sauro?"

"Iska tana kore shi a nan sama, Baffa."

"Ruwa ya taɓa hawowa?"

"Ko a shekarar babbar ambaliya bai wuce gindin gorubar can ba."

"Da rani?"

"In ruwa ya janye, ciyawar burugu ce ke fitowa har gwiwa. Saniya ba ta rama a nan."

Tsohon ya yi gyaran murya. Ya ɗauki buta ya nufi bayan wata duhuwar kaba. Kowa ya juya baya. Goggo ta kwance fura, ta kori Kyari.

"Tafi can ka ƙirga kifayenka, mutane za su ci abinci."

Ya sauka bakin ruwa ya zauna. Bai daɗe ba Goggo ta ƙwala masa kira.

Ya tarar da furar ba a taɓa ta ba. Hamajoɗa yana tsaye. Kyari ya kalli ƙafafunsa kawai, sai ya lura sandar ta koma hannun hagu, kuma tsohon ya dogara da ita. Hannun dama yana cikin riga.

"Madina," in ji Hamajoɗa. "Ki gaya wa mutumin nan wurin ya yi. Ya turo manyansa. Ke ce shaida."

Goggo ta rangaɗa guɗa. Asta ta ruga ta ɓoye a bayan goruba. Kyari ya durƙusa.

"Allah ya saka da alheri, Baffa... Allah ya ƙara girma..."

"Mu koma."

"Ba za ka sha furar ba?" in ji Goggo.

"Mu koma, na ce."

A hanyar dawowa Kyari ji yake kamar jirgin ba ya taɓa ruwa. Murna ta kwance masa harshe, ya koma halinsa.

"Wancan hayaƙin ƙauyen masunta ne, Baffa. Can Wakili yake, mai maganin maciji. Har daga Gashua ake kawo masa mutane a kan jaki, su koma da ƙafarsu."

Ƙeyar ta ɗan motsa.

"Da nisa?"

"A'a, ga shi nan. Wannan mashigar ta dama ce. Mu biya ku gaisa?"

A gaba Goggo tana tsokanar Asta da maganar lefe, Asta tana dariya ƙasa-ƙasa. Jirgi yana tafiya, mashigar tana matsowa.

"Gida," in ji tsohon.

Kalmar ta fito da nauyi, kamar harshen ya yi masa yawa a baki. Kyari ya ga gumi ya jiƙa wuyan rigar. Ya ga kan yana rinjaya gaba, tsohon yana ɗago shi da ƙyar. Ya ɗan ranƙwafa zai leƙa fuskar. Daidai nan Asta ta waiwayo ta gefen mayafi, ta ga abin da zai yi. Ta zare ido, ta girgiza masa kai.

Ya miƙe. Ya ce a ransa rana ce, tsufa ne. Ya tura jirgi, mashigar ta wuce.

Sun yi nisa, har rumfunan kasuwar Nguru sun fara bayyana, sai sandar ta zame daga cinyar Hamajoɗa ta faɗa ruwa. Bai kai hannu ba.

Bafulatani ba ya barin sandarsa ta tafi. Kyari ya yar da gwangwala ya tsallaka gabansa, ya dube shi, kallon farko tun safe.

Fatar idanun ta sauko ta rufe su rabi. Yawu yana zuba ta gefen baki. Kyari ya fizge hannun daga cikin riga. Ya kumbura, ga huda biyu a gindin babban yatsa, an tauna wata saiwa an manna a kai.

"Gamsheƙa! Innalillahi... Baffa, tun yaushe?"

Ba sai an gaya masa ba. A bayan kaba ne, lokacin da ya kai hannu zai ajiye buta. Mutum irin Hamajoɗa ba zai fito daga kewayawa ya tsaya gaban surukinsa da 'yarsa ta fari ya ce ga abin da ya same shi a can ba. Ya tauna maganinsa na makiyaya, ya rufe hannu, ya gama maganar da ta kawo shi.

"Baffa!" Asta ta yi ƙara, jirgin ya yi tangal-tangal. "Baffa, ka dube ni! Goggo, ba ya numfashi daidai!"

"Ku riƙe shi! Ku ɗaga kansa!"

Kyari ya tsamo gwangwala ya juya jirgi. Bai taɓa tuƙi irin na ranar ba. Bado ya riƙa naɗe masa sanda, tafin hannunsa ya fashe, bai ji ba. Goggo tana salati da ƙarfi. Asta ta ɗora kan ubanta a cinya tana share masa baki da mayafinta.

"Ka yi sauri, Kyari! Don Allah ka yi sauri!"

Tsohon ya yi ƙoƙarin jan rawani ya rufe fuskarsa. Hannun ya kasa. Asta ta ja masa.

Suna shiga mashigar dama Goggo ta daina salati. Ta sa tafi a ƙirjinsa, ta daɗe. Sannan ta ce, "Bawana, sassauta. Ba sauran sauri."

Wakili ya fito bakin ruwa ya duba hannun. Ya tambayi lokacin da abin ya faru, aka gaya masa. Ya sa aka kawo tabarma. A ƙauyen aka binne shi kafin rana ta faɗi.

Bayan sadakar arba'in, Abbo, ƙanin marigayin, ya zo daga Machina zai kwashe gidan da shanun. Goggo Madina ta tsaya gabansa ta faɗi abin da aka sa ta shaida. Abbo ya ce shi ba zai tashi maganar yayansa ba. In yarinya tana so, a ware mata shanunta ta zauna.

Ranar tafiya sai da suka nemi Kyari, don hanyar arewa tana da mashigin da shi kaɗai ya san inda ba zurfi. Ya shiga gaba, ruwa har ƙirji, garke yana bin sa. Ya dawo ya ɗauki 'yan maruƙa a jirgi, ya ɗauki Inna, uwar Asta, da ƙananan yaranta. Asta ce ta ƙarshe.

Ta rame. Ta zauna tana fuskantarsa.

"Ban ga an ware naki ba," in ji shi.

"Ban ce a ware ba."

"Asta..."

"Inna ba ta iya tatsa yanzu, hannunta rawa yake. Ƙannena ba wanda ya isa kiwo."

"Su zauna tare da mu! Tudun ya ishe mu duka. Ni zan riƙe su, wallahi zan riƙe su!"

"A tudun?" Hawaye suka zubo mata. "In tashi kullum in ga kabar nan? In ɗebi ruwa a mashigar nan?"

"To mu bar shi. In bi ki Machina. In sayar da jirgin."

"Ka yi me a Machina? Dutse ne da rijiya." Ta share fuska. "Ba wurin ba ne kaɗai, masoyina. Na ga lokacin da ka ranƙwafa. In na dube ka, shi nake gani. Kai ma in ka dube ni, kaina za ka riƙa gani yana girgiza. Yau ba ka ce laifina ne ba. Wata rana za ka ce."

"Ba zan taɓa cewa ba!"

"To ni zan riƙa ji ko ba ka ce ba."

Jirgi ya daki gaɓa. Ba wanda ya motsa. A saman gaɓa Abbo yana kira, shanu sun fara watsewa cikin gonar wani.

"Baffa ya ba ni ke," in ji Kyari. "Da bakinsa. Da dafi a jikinsa ya tsaya ya ba ni ke."

"Na sani. Shi ya sa nake roƙonka. Ba wanda zai iya ƙwace ni a hannunka... sai in kai ka sake ni."

Kyari ya kalli ruwa. Sannan ya sauka, ya riƙe bakin jirgin da hannu biyu don kada ya girgiza.

"Sauka a hankali. Akwai santsi."

Ta sauka. Ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka.

"Ka yi aure, Kyari."

"Ke fa?"

"Ni ina da shanu."

Ta hau gaɓa. Ta buɗe baki ta yi kiran garke, muryar ta karye a tsakiya. Ta sake yi. Shanun suka ɗago kai, suka bi ta.